Yadda za ka yi aiki da sinte a sitidiyonka, daga jona wuta har ɗaukar sauti

Tambaya ta yi yawa kan sinte, wato sintesaiza, na'urar kiɗa mai ƙirƙirar sauti da lantarki, wasu a sitidiyo suke tare ni wasu kuma sai dare ya yi su bugo waya, kuma kusan duk magana guda ce: na samu sintesaiza, ko yayana ya aiko mini daga waje, na kunna ba ganga ba sitayil ba komai irin na fiyanon Yamaha PSR sai wani zuuu mai cika kunne, ko dai lalatacciya anka turo mini? Lafiyarta lau. PSR tuwon sayarwa ne, an riga an tuƙa kai dai ka zuba miya, ita ko sinte hatsi ne tsaba anka ba ka, daka da tankaɗe da tuƙi duk naka ne. Zan riƙa misali da Korg Minilogue don fuskarta ta fi sauƙin ganewa, amma kusan duk sinte mai maɓallan murɗawa tsarinsu guda, har sunayen da ke rubuce a jiki.

Mataki na 1: Wacce za ka saya, kuma nawa

In ba ka riga ka saya ba, tambayar farko ita ce murya nawa take fitarwa lokaci guda. Akwai mai murya ɗaya tal, ko ka danna maɓalli uku not ɗaya za ka ji, irin su Behringer Model D da Korg Monologue, waɗannan na bas ne da layin waƙa. Akwai mai murya 4 irin Minilogue da microKORG, su ne za su ba ka kwad. Mutane da yawa sun sayi Model D don sun ji ana yabonta, sai da ta iso sunka tarar ko maɓallan kiɗa babu a jikinta, akwati ne kawai, dole sai ka haɗa ta da wani fiyano ko kwamfuta.

Kuɗi kuma, farashin can Turai nake faɗa kuma yana motsi. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ƴan kai, ba ya canzawa, don haka lissafin ba wuya. Ƙananan Korg Volca wajen yuro 150, kusan jika 100 ke nan. Arturia MicroFreak da Model D wajen yuro 300 sunka fito, ka ce jika 200. Minilogue wajen yuro 500, jika 330 ko kusa da haka. Wannan duk kafin kuɗin ɗauko kaya da na duwan. Sannan kar ka manta katin sauti, akwatin da ke kai sauti cikin kwamfuta, ƙaramin Behringer UMC22 bai kai jika 40 ba a can, Focusrite Scarlett 2i2 kuwa ya haura jika 100. Sai kebul, sai regilata. Wanda ya kashe kuɗinsa duka kan sinte ya bar waɗannan, ado ya sayo wa ɗaki.

Ni a ganina mai farawa ya nemi wadda kowane aiki ke da nasa maɓalli a fili. microKORG tun 2002 take kasuwa kuma sautinta ba laifi, tana da bokoda ma mai gauraya muryar mutum da sautin na'ura, amma maɓallanta kaɗan ne komai sai ka bi ta jadawalin da ke rubuce a fuskarta, mai koyo sai ya gaji ya koma danna sautukan kamfani kawai.

A kula: in ta hannu ce za ka saya, a Kano ko Yamai ko wajen wani mai sitidiyo nan gari, kar ka biya sai an kunna gabanka. Ka danna kowane maɓallin kiɗa daga farko har ƙarshe, farare da baƙaƙe. Ka murɗa kowane abin murɗawa kana saurare da hedifon ko akwai ƙarar ƙas-ƙas. Ka girgiza kebul a ramin OUTPUT da na USB ka ji ko sauti na yankewa. In mai batir ce buɗe gidan batir ka duba ko ya taɓa zubewa ya ci ƙarfen. Kuma ka tambayi adaftarta ta asali.

Mataki na 2: Wuta

Nan zan daɗe don nan ne ake asara. Wutarmu 220 ce, kuma kowa ya san yadda take zuwa, ta yi ƙasa ta yi sama, a ɗauke a maido da ƙarfi musamman lokacin zafi. Kafin ka cusa komai a bango juya adaftar ka karanta ƙananan rubutun. In ka ga 100-240V ba matsala. In ka ga 120V kaɗai, kayan Amurka ne, kana sawa za ka ji wari, sai da taransifoma mai rage wuta.

Abu na biyu da ke kashe sinte shi ne adaftar aro. Ta asali ta ɓace, mutum ya shiga kasuwa ya samo wadda bakinta ya shiga ramin ya ce ai shi ke nan. Abu uku ne dole su dace: bolt ya zama daidai, in 9V ne 9V ba 12 ba, amfiya ta kai abin da na'urar ke so ko ta fi, fin ba ya cutarwa, sai kuma wajen da tabbatacciyar wuta take, tsakiya ko gefe. Akwai ɗan zane jikin adaftar da bayan na'urar, da'ira da alamar + da -, su zama iri ɗaya. Misali Volca da Minilogue + ne a tsakiya, amma adaftar fedal ɗin gita na Boss - ne a tsakiya, dukkansu 9V, ka ga yadda mutum zai ruɗe.

Tsarin da nake ba kowa: bango, sai regilata, sai ralonji mai kyau guda, sannan sinte da katin sauti da kwamfuta da sifiku duk su sha daga wannan ralonjin. In da hali ka sa ondila don in an ɗauke wuta kana tsakiyar ɗauka ka samu ka adana. Kayan da sunka biyo ta Najeriya filoginsu mai ƙafa uku ne masu kusurwa, namu mai zagaye, ka sayi mahaɗi mai riƙewa gam, kar ka karya ƙafar ko ka tura tsirarar waya da tsinken ashana.

A kula: in da gurup kake aiki, tayar da shi ya daidaita tukuna kafin ka jona, kuma ka cire kayan kafin a kashe shi. In sola ce, inbata mai arha wadda wutarta ba tsantsar sain ba takan sa ƙugi cikin sauti har adafta ta riƙa zafi. Masu Volca ko Monologue ko microKORG kun huta, batir AA guda 6 suke ci, kuma sautin batir ya fi tsabta.

Mataki na 3: Jona kebul

Daga OUTPUT na sinte zuwa INPUT na katin sauti da kebul mai babban jak na milimita 6.35, irin na gita. Minilogue rami ɗaya gare ta don haka kebul ɗaya ya isa. Mai L da R kuma kebul biyu, in ɗaya gare ka sa shi a wanda anka rubuta L/MONO. A katin sauti bar shi kan LINE, kar ka danna INST, na gita ne, sautin sinte ya riga ya yi ƙarfi zai fashe. Maɓallin 48V na makirfo ne, kashe shi, musamman in kebul ɗinka mai bakin makirfo ne ta gefe guda.

Yanzu abin da ke rikita kusan kowa: kebul ɗin USB da ke bayan yawancin sinte ba ya ɗaukar sauti. MIDI kawai yake kaiwa, wato umarni, wane not anka danna, da wane ƙarfi, yaushe anka saki. Akwai ƴan kaɗan irin Roland JD-Xi da ke tura sauti ta USB, amma Minilogue da Model D da MicroFreak a'a. Don haka hanya biyu ce dabam, USB ko kebul ɗin MIDI mai ƙafa 5 don umarni, jak don sauti. In mai ƙafa 5 ne, OUT na wannan yana shiga IN na wancan, ba OUT da OUT ba.

Wajen kunnawa, rage bolum duka, kunna sinte, kunna katin sauti da kwamfuta, sifiku su ne na ƙarshe. Wajen kashewa sifiku ne na farko. In ka juya tsarin za ka ji wani ɗum a sifika, wata rana shi zai tafi da ita.

In sinte ɗinka analog ce, irin Minilogue da Model D, ba ta minti 10 zuwa 15 ta ɗumama kafin ka fara ɗauka, don muryarta na ɗan zamewa da zafi. Minilogue tana saita kanta duk sanda anka kunna ta, in ka ji ta kauce bayan ta yi ɗumi kashe ka sake kunnawa. Model D kuwa da hannu ake yi, tana da maɓallin A-440 da ke ba ka not na awo ka daidaita da kunne.

Mataki na 4: Fara daga sauti tsirara

Kar ka fara da sautukan kamfani. Na san da daɗi, amma ba za ka gane me ya sa suke haka ba. A Minilogue gurabe 200 ne, 100 na farko cike suke, daga 101 zuwa sama babu komai sai Init Program, can za ka tafi. Za ka ji zzzz mara daɗi, to shi ne abin aikin. Daga nan abu ɗaya za ka riƙa taɓawa lokaci guda, hannun hagu riƙe da not, hannun dama na murɗawa a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ka ji abin da ya canza sannan ka wuce na gaba. Zan riƙa faɗin matsayin maɓalli da agogo, ƙarfe 12 tsakiya ke nan, ƙarfe 7 ƙasa duka, ƙarfe 5 sama duka.

Sauti daga hagu yake tafiya zuwa dama. Farko osileta, inda anka rubuta VCO ko OSC, ita ke haifar da shi. Zane uku za ka gani. Mai haƙoran zarto shi ne mai kauri da haske, ya fi kowanne amfani. Mai kusurwa huɗu yana da rami a ciki, sautin busa gare shi, in ka murɗa SHAPE sai ya sirance ya koma ta hanci. Mai kusurwa uku taushi gare shi, na sarewa da bas mai zurfi. Kusa da su akwai 16', 8', 4', 2', ƙaramar lamba siririyar murya, babba kuma ƙasa. Ɗaga osileta ta biyu a MIXER, ka ɗan kautar da PITCH ɗinta kaɗan ƙwarai, za ka ji su biyun sun fara kaɗawa tare sautin ya yi faɗi. Kaɗan na ce, in ya wuce sai ya zama kamar ba a saita ba.

Na biyu filta. CUTOFF shi ne babban maɓallin da ya fi kowanne girma a yawancin sinte kuma ba banza ba, rabin aikin nan yake. Rufe shi hagu hasken sautin na tafiya har ya ɓace, buɗe shi dama ya dawo. Af, in ka kunna sinte ba ka ji komai ba, duba nan kafin ka ce ta mutu. RESONANCE kuma yana ƙara kaifi daidai inda katof ya tsaya, shi ke ba da wannan wau-wau ɗin.

A kula: rezonans in ya wuce ƙarfe 3 filta na iya fara fito da kanta, fito mai tsinin da zai huda maka kunne a hedifon. Rage bolum kafin ka gwada. Kuma yawansa na cinye ƙasan sauti, don haka a bas kar ka cika shi.

Na uku su ne huɗun nan, ATTACK, DECAY, SUSTAIN, RELEASE. Atak, tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya kai ƙarfinsa bayan ka danna. Dikei, lokacin da yake ɗauka ya sauko. Sasten shi kaɗai ne ba lokaci ba, matsayi ne, inda sautin zai tsaya muddin yatsanka na kai. Rilis, jelar da ke biyo baya in ka ɗaga yatsa. Abin da mutane ba su lura ba, in sasten na sama duka, dikei ba ya aikin komai, sai ka ga mutum na ta murɗa shi yana cewa ya lalace. Minilogue jeri biyu gare ta, AMP EG na ƙarfin sauti, EG na ƙasa kuma shi ke buɗe filta ya rufe da kansa, amma sai ka ɗaga EG INT sannan zai yi tasiri.

Na huɗu LFO, hannu ne na ɓoye da ke murɗa maka wani maɓalli kai da kawowa. RATE saurinsa, INT zurfinsa, TARGET abin da zai taɓa. Kan PITCH yana ba da rawar murya, kan CUTOFF yana ba da wau-wau mai maimaituwa.

Ka yi kwanaki kan waɗannan sassa huɗu, daga osileta har LFO, kafin ka taɓa wani abu. Da gaske nake.

Mataki na 5: Gina sautukan da za ka yi aiki da su

Bas tukuna. Sa na'urar kan MONO. Osileta ta farko zarto a 16', ta biyu mai kusurwa huɗu ita ma a 16' amma ƙasa da ta farko a mikisa. Katof wajen ƙarfe 10, rezonans kaɗan, EG INT wajen ƙarfe 1 zuwa 2, atak sifili, dikei gajere, sasten na filta ƙasa, rilis gajere don not kar ya hau kan not. In akwai zaɓin 2-POLE da 4-POLE ɗauki 4. Kuskuren da anka fi yi a bas shi ne rufe filta ƙwarai don a sifikun sitidiyo yana girgiza ƙirji, amma ka tuna wa zai saurara, yawanci a waya ne ko ƙaramar sifikar bulutut a fada wajen shan shayi, waɗannan ba sa fitar da can ƙasa sam. Buɗe katof har sai ka ji bas ɗin a sifikar wayarka.

Sai mai kama da algaita, wanda anka fi tambayata. Mai kusurwa huɗu a 8', murɗa SHAPE har ya sirance ya fara fita ta hanci, ƙara zarto kaɗan daga osileta ta biyu. Katof wajen ƙarfe 1 zuwa 2, rezonans wajen ƙarfe 11, atak ɗan kaɗan ba sifili ba don busa ba ta farawa tau, sasten sama duka. Sirrin ba a maɓallan yake ba, a hannu yake. Mai algaita yana shaƙar iska ta hanci yana busawa da wadda ya tara a kumatu, shi ya sa sautinsa ba ya yankewa, to kai ma kar ka ɗaga yatsa sai ka danna na gaba. Sa MONO, kunna PORTAMENTO kaɗan don murya ta riƙa zamewa daga not zuwa not, a Minilogue cikin EDIT MODE yake. LFO kan PITCH, sauri matsakaici, zurfi ɗan mitsitsi. Sannan ka zauna kan baƙaƙen maɓallai kawai, su biyar ɗin nan ma'aunin murya biyar ne wanda yawancin kiɗanmu ke tafiya a kai, za ka ji abin ya dawo gida nan take. Ka riƙa ɗan taɓa not na sama da sauri kana komowa, irin kwalliyar da masu busa ke yi ranar hawan sallah.

Na tsinkewa irin gurmi ko garaya: zarto a 8', atak sifili, sasten sifili a jeri biyun, dikei na AMP wajen ƙarfe 10, na filta ya fi shi gajarta, katof ƙasa wajen ƙarfe 9 sannan EG INT sama sosai don kowane not ya buɗe da haske ya rufe nan da nan. Zuba NOISE ɗan kaɗan ya ba da ƙarar yatsa kan tsirkiya. Kunna KEY TRACK don na sama kar su dushe.

Kalangu fa? Ana iya kusantarsa, mai kusurwa uku a 16' ko 8', dikei gajere, sasten sifili, kana bugawa kana jan sandar lanƙwasa murya sama da ƙasa yadda mai kalangu ke matsa tsirkiya a hammata. Zai yi daɗi a matsayin wani sabon abu. Amma in waƙar kalangu take so na gaskiya, ka kira makaɗi ka sa masa makirfo ka biya shi, garin nan ba a rasa su ba, kuma na'ura ba ta iya maganar da kalangu ke yi.

Shimfiɗa ta bayan waƙa ko ta fim, wato fad: POLY, zarto biyu an ɗan kautar da ɗaya, katof ƙarfe 11, atak dogo, rilis dogo, LFO a hankali kan katof. Da murya 4 in rilis ya yi tsawo sabon kwad zai riƙa sace muryar tsoho kana jin yankewa, sai ka rage shi ko ka riƙa danna not uku.

Mataki na 6: Adana

Ka samu sauti mai daɗi, adana shi yanzu ba anjima ba, wuta ba ta sallama. A Minilogue danna WRITE, zaɓi gurbi daga 101 zuwa sama, sake danna WRITE. Ba shi suna da za ka gane. Model D ba ta da ƙwaƙwalwar adanawa ko ɗaya, ɗauki hoton fuskarta da waya ka rubuta sunan waƙar a kai. Kuma in ka buɗo tsohon sauti, inda maɓallan suke tsaye a ido ba shi ne abin da ke cikin sautin ba, kana taɓa ɗaya zai iya tsalle, ba lalacewa ba ce.

Mataki na 7: Haɗawa da FL Studio da ɗauka

Da FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, zan yi misali don shi ne a kusan kowane sitidiyo. Sa direban katin sautinka, na Korg ma akwai direban USB-MIDI na Windows. A saitin Audio zaɓi ASIO na katin in yana da shi, bafa 256 ko 128 in kwamfutar na da ƙarfi, a wajen Sample rate 44.1 ko 48 duk ɗaya amma ka tsaya kan guda har ƙarshen aikin.

Danna F10 ka shiga MIDI. A jerin Output zaɓi sinte ɗinka ka ba ta lambar Port, a ce 1. A Input ma kunna ta in kana so ka riƙa kiɗa da maɓallanta. Koma ka ƙara tashar MIDI Out, sa mata Port 1 ita ma, Channel kuma ya dace da na na'urar. Tashoshin MIDI 16 ne, yawanci sinte na zuwa kan 1. In lambobin nan biyu ba su dace ba shiru za ka ji. Yanzu duk abin da ka zana a fiyano rol, allon zana not na FL, sinte za ta buga, hannuwanka biyu sun samu sarari su yi ta murɗa filta, kuma nan ne ribar sayen na'urar take.

A kula: in kana kiɗa da maɓallanta kuma FL na maido mata da umarnin, kowane not zai fita sau biyu, sautin ya yi wani iri kuma muryoyinka 4 su koma 2. Shiga saitin GLOBAL ka kashe LOCAL. Ka tuna ka maido shi in ka cire kwamfuta, in ba haka ba za ka danna ka ji shiru.

In za ka yi amfani da sikwensa ko ARP na cikinta, masu buga jerin not da kansu, a FL kunna Send master sync ga na'urar, a cikinta kuma sa agogo ya bi USB ko MIDI, sai su tafi taki ɗaya. Sikwensar Minilogue taki 16 ce kuma tana iya riƙe motsin maɓalli har 4.

Ɗaukar sauti: F9, zaɓi layi a mikisa, a samansa zaɓi ramin da ka jona, mono in kebul ɗaya ne. Buga wajen da ya fi ƙarfi a waƙar kana buɗe filta duka, saita GAIN na katin ya riƙa kaiwa wajen -12 zuwa -6, ja kar ya fito ko sau ɗaya. Ɗauka a 24 bit in katinka na iyawa. Saurara ta DIRECT MONITOR na katin ka kashe na FL, ko akasin haka, ba duka biyu ba. Ni busasshe nake ɗauka, ba ribab ba dilei, daga baya in sa, don wanda ka ɗauka da shi ba ya fita. Bar waƙar ta yi ta zagayawa ka ɗauki zubi uku ko huɗu kowanne da irin murɗawarsa, ka zaɓa daga baya.

Sinte irin Minilogue sauti ɗaya take yi lokaci guda, ba kamar filogin ba, wato sinte na cikin kwamfuta, da za ka buɗe goma. Don haka bas tukuna, ɗauke shi ya zama odiyo, sannan ka canza zuwa algaita ka ɗauka, haka har ka gama. Kuma in za ka fitar da waƙa, abin da ke MIDI Out kawai ba zai fito ba sai wanda ka ɗauka, mutane da yawa sun tura wa mawaƙi kiɗa ba bas saboda wannan. Bayan ɗauka zuƙo hoton sautin ka duba, yakan ɗan makara bayan ganga, ja shi baya kaɗan ya hau layi.

In kana jin wani zirrr ko ƙugi a bayan sauti, cire cajar kwamfuta ka saurara. In ya tafi, ta wajen wuta ne. Gwada cire USB na sinte ka koma kebul mai ƙafa 5, shi ba ya haɗa wutar na'urorin biyu, sai dai 2i2 da UMC22 ba su da ramin, sai irin Scarlett 4i4 ko UMC204HD ko ɗan kebul na USB zuwa MIDI. Kuma raba kebul ɗin sauti da na wuta, kar su kwanta tare, wayar hannu ma nesa da su.

Mataki na 8: Ƙura da zafi

Hunturu na shigowa ƙura za ta shiga ko'ina, kuma cikin maɓallan murɗawa take zama ta fara ƙas-ƙas. Kai wa tela awo ya ɗinka mata riga da yadi mai kauri, kana gamawa ka rufe, amma bari ta huce tukuna. Share da burushin fenti sabo mai taushi, ba tsumma mai ruwa ba. Maɓallin da ya fara ƙara, kashe na'urar ka murɗa shi ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa, sau tari yana washewa. In ya ƙi, akwai feshi na musamman na goge mahaɗan lantarki, shi kaɗai, kar ka yarda a zuba mata fetur ko man keke.

Watan Afrilu da Mayu zafi kan haura 40, kar ka bar ta jikin taga ko cikin mota, kar kuma ka ɗora ta kan amfilifaya. In hadari ya taso da damina cire filogi daga bango gaba ɗaya, kashe maɓalli bai isa ba. Mai batir kuma in za ta kwana biyu ba aiki fidda batiran. In har ta kai ga gyara, kai wa wanda ya saba buɗe fiyano da mikisa, ka tafi da adaftarta ya fara auna ta da mita, don sau da yawa ita ce ta mutu ba sinte ɗin ba.